Inda Kyautar Hajara Ta Tafi

Wannan babi naku ne ku duka, amma Hajara ta fi kowa haƙƙi a cikinsa. Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Wai Hajara ta hana kanta abubuwa ta kawo wa Baba na'urar gem, wato wasan talabijin, daga Kaduna, Baba ya yi watanni yana wasa kamar ƙaramin yaro, rana ɗaya ya ɗauke ta ya ba ɗan maƙwabta, ko shawara bai yi da mai kyautar ba. Ban musa ko ɗaya ba, haka aka yi. Sai dai bayan labarin kawai kuka gani, cikinsa ni na rufe da hannuna. Yau zan buɗe.

Kun san aikin da na ciyar da ku da shi. Gadin gandun dajin Kamuku na yi tun ina saurayi har furfura ta cim mini. Ƙafata ce jarina. Ina bambance kashin giwa na jiya da na shekaranjiya, na san inda gwanki ke shan ruwa idan rani ya tsananta, na san dutsen da za ka hau ka hango hayaƙin masu farautar sata tun ba su san da kai ba. Da na yi ritaya sai na koma gonata ta hanyar Gwaska, masara da waken suya, ina ganin a can zan ƙarasa kwanakina. Sai daji ya canja masu shi. Mutanen da suka shigo da babura da bindigogi suka raba mu da gonakinmu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama dajin da na yi wa gadi ba na iya matsawa ko bakinsa. A daminar da gonata ta koma ciyawa, a ita hawan jini ya kayar da ni a bakin rijiya ina alwalar azahar. Da na farfaɗo a asibiti, ɓarin jikina na hagu ba nawa ba ne.

Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, har na iya jan ta da sanda zuwa masallaci. Hannun ne ya ƙi. Ya naɗe a ƙirjina, yatsun a dunƙule kamar ƙafar kazar da aka yanka. Likitan gashin ƙashi ya ba ni wata ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa safe da yamma. Na matsa kwana uku na wurgar da ita bayan randa. Daga nan zaure ya zama gidana. Ina zaune a kujerar roba ina kallon bango, wanda ya gaishe ni in amsa, wanda bai gaishe ni ba in gode masa a zuci. Mahaifiyarku Asabe ita ta sha wahalata. Kullum sai ta ciro ƙwallon nan ta wanke ta ajiye mini a cinya.

"Malam, ka matsa mana. Likita fa ya ce in ba ka motsa shi ba, shi ke nan."

"In matsa in samu me, Asabe? Mai zai fito?"

"Ko bai fito ba, hannu zai fito."

"Hannun da babu gona babu daji, me zai yi?"

Sai ta koma cikin gida. Daga baya na gane kuka take zuwa yi a madafa, tana ɗora wa hayaƙi laifi.

Ita ta kai ƙarata wajen Hajara, wadda a lokacin take aikin jinya a Kaduna. Kun san yadda hanyar nan take a shekarun nan, ba a shigarta sai an tara motoci an samu rakiya, kowa bakinsa ɗauke da addu'a. Haka yarinyar nan ta biyo ta da kwali a cinya. Ta gaishe ni, ta duba jinina, ba ta yi mini wa'azin ƙwallo ba. Ta sa aka fito da talabijin zuwa zaure, ta jona da batirin sola, ta ciro wani baƙin akwati ta sa masa faifai. Sannan ta miƙo mini wani abu mai ƙahoni biyu da maɓallai da 'yan sanduna biyu gajeru, ta ce sunansa fad. Ta kama hannuna na hagu, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare gyaɗa, ta ɗora babban yatsana a kan sandar hagu.

"Baba, wannan sandar ita ce ƙafarsa. Idan ba ka tura ta ba, ba zai motsa ba."

"Ƙafar wa?"

"Mutumin can. Ga shi yana jiranka."

"Hajara, shekaruna sittin da bakwai. Wasan yara kika biyo wannan hanya kika kawo mini?"

"Magani na kawo maka, Baba. Ka sha na kwana bakwai. In bai karɓe ka ba, in dawo in ɗauke."

Mutumin da ke cikin talabijin wani saurayi ne sanye da matsattsun kaya masu ruwan toka da ja, fuska a rufe, yana tsaye a wani lungu na birnin da ban taɓa ganin irinsa ba. Na tura sandar da dukan ƙarfina, ya yi taku biyu ya buga goshi da bango, ya ci gaba da tafiya a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure. Hajara ta danne dariya. Ni kuwa abin haushi ya ba ni, irin haushin da rabona da shi tun kafin in faɗi. Na ce a raina, ni da na bi sawun giwa kwana biyu, wannan ɗan lungun ne zai gagare ni? Na yi gumi har rigata ta jiƙe kafin in fitar da shi bakin titi. Sai Hajara ta ce in danna maɓallin ƙasa da hannun dama in riƙe. Iska ta taso ƙarƙashin ƙafarsa ta ɗaga shi, ya wuce tagogi, ya wuce rufin gidaje, ya sauka a kan wani bene mai tsawon da ya fi kowane dutse a Kamuku. Gari ya buɗe a gabana, tituna da gadoji da teku, rana tana faɗuwa a bayansu. Wata goma ke nan idona bai ga abin da ya wuce katangar maƙwabta ba.

Hajara ta koma bakin aikinta bayan kwana uku. Ba ta dawo ɗaukar komai ba.

Matsalata ta farko Turanci ce. Ina da na rubuta rahoton aiki, amma mutanen cikin wasan nan magana suke kamar ana korarsu. Sai na aika aka kira mini Malam Danjuma, tsohon hedimasta, mutumin kudancin Kaduna da aikin koyarwa ya kawo shi Birnin Gwari yana matashi, bai sake komawa ba. Shi Kirista ne, ni Musulmi, mun yi shekara talatin muna musu a kan komai ban da wannan. Ya zo da tabaransa, ya zauna, ya karanta rubutun da ke fita a ƙasan talabijin, ya bayyana mini labarin. Ashe saurayin ma'aikacin kashe gobara ne, wata guguwa ta ɗauke shi ta yar bai mutu ba, tun daga ranar iska take yi masa biyayya. Da rana yana aikinsa, idan wani abu ya taso sai ya rufe fuska ya fita ceton mutane daga wata ƙungiyar miyagu da ta sa garin a gaba.

"To me sunansa?" na tambaya.

Ya faɗi wani suna da harshena ya ƙi ɗauka.

"Mu sa masa na Hausa, Hedimasta."

Danjuma ya cire tabarau ya goge, fuskarsa a murtuke kamar yana gaban aji, ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi. "Sarkin Daji, mutumin da iska ta haifa, ai sunansa ɗaya ne a Hausa. Ɗan iska."

Na yi dariyar da ta fito da mahaifiyarku daga cikin gida da ludayi a hannu, tana zaton wani abu ne ya same ni. A ƙarshe muka daidaita a kan Shaho. Amma ita har yau ba ta san wani Shaho ba. "Ɗan iskan nan naka" take cewa.

Ina so ku fahimci cewa na ji daɗin wasan nan, daɗi na gaske, ba don magani kaɗai ba. Ba zan ɓoye wannan don in yi kama da dattijo ba. Bayan azahar, idan rana ta cika batir, sai Danjuma ya yi sallama, mu zauna har kiran la'asar, mu dawo mu ɗan taɓa kafin magariba. Na koyi yadda ake gudu a jikin bango, da yadda ake faɗowa daga sama a buɗe hannuwa iska ta tallafe ka dab da ƙasa, har in ji kamar ni ne. Na koyi tara iska a tafin hannu in watsar da mutum biyar a bugu ɗaya. Kowane aiki ka gama sai a ba ka maki ka buɗe wani sabon ƙarfi, mu yi ta gardama da Danjuma a kan wanda za a fara buɗewa. Shi yana son na faɗa, ni ina son na tashi. Babban labarin ma ban cika gaggawarsa ba. Na fi son ƙananan ayyukan da ke warwatse a taswira: a fito da tsohuwa daga benen da ke ci da wuta, a tare motar da birkinta ya tsinke, a kai mai naƙuda asibiti. Akwai kuma ayyukan bin sawu, inda za a ce wani ya ɓace, ka nemo inda aka bi da shi. Nan ne nake baje kolina. Danjuma yana can yana karanta bayani, ni na riga na ga kwandon shara da aka ture da tabon taya a kan ciyawa na kama hanya.

"Ya aka yi ka sani?"

"Hedimasta, wanda ke gudu da kaya ba ya bin hawa. Ko a Kamuku ko a garin Turawa."

Wani ƙato mai sulken ƙarfe da ke tsare da tashar jiragen ruwa ya riƙe ni kwana tara. Kullum sai ya damƙe Shaho ya maka da ƙasa. Don ka kauce masa dole ka tura sandar hagu da sauri kana danne da wani maɓalli da ke ƙarƙashin manuniyar hagu, ita kuwa manuniyar tawa ta rantse ba za ta lanƙwasa ba. Ina kwana ina tashi da ƙaton nan a raina. Har na tsinci kaina ina matsa ƙwallon robar da na wurgar, ba don likita ba, don ƙato. A rana ta tara mahaifiyarku ta kawo mana kunu ta tsaya a bakin ƙofa. Ita da ke cewa ba ruwanta da shirme, sai ji muka yi ta ƙwala ihu:

"Malam, bayanka! Ga shi nan ta bayanka!"

Na kauce. Yatsar ta lanƙwasa. Na ɗaga ƙato sama da guguwa na jefa shi teku. Danjuma ya miƙe tsaye yana tafi, kunu ya zube a tabarma, Asabe ta rufe baki da mayafi ta gudu ciki don kunya. A makon nan ne na ɗauki buta da hannun hagu ban sani ba, sai da na gama alwala na tsaya ina kallon hannun. A masallaci na san ana ɗan taɓa ni da baki, wai tsufa ya fara mayar da Malam Garba yaro. Wanda ya faɗa mini a fuska sai na ɗaga masa yatsu biyar na buɗe na rufe. Bai ƙara ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba ku sani ba.

Kun san Isiyaku ɗan Lami, maƙwabciyarmu ta bayan gida. A lokacin magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu, manomi mai ƙwazo, mai yawan raha. Da kakar shekarar aka ɗauke shi a gona tare da wasu, yana cikin karyar masara. Kusan wata huɗu ya yi a hannun mutanen daji. Danginsa suka yi abin da za su iya, Allah ya sa aka sako shi, ya shigo gari da ƙafa, ƙasusuwan wuyansa a waje. Unguwa ta yi barka, aka ce ya dawo lafiya, daga nan aka daina ganinsa. An ce yana hutawa. Wata safiya Lami ta shigo, ta daɗe a ɗakin mahaifiyarku, sannan suka fito tare ta durƙusa a bakin zaure.

"Malam, yaron nan jikinsa ne ya dawo. Tun da ya shigo bai haɗa kalma uku ba. Idan ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado, babba da shi, a gaban 'ya'yansa. Wani lokacin har ya ɓata wandonsa. Dangin matarsa sun fara tambaya. In suka ji, za su ce ya taɓu su ɗauke ta da yaran. Tun yana ƙarami yake jin maganarka. Ka bari ya riƙa zuwa yana zama wajenka, ko Allah zai sa ya buɗe baki. Amma don girman Allah ka rufa mana asiri. Ko 'ya'yan cikinka kada su ji."

Na ce mata na yi alkawari. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Ta bayan gida take shigo da shi bayan azahar. Ya zauna a ƙasa a kusurwa, bayansa a jikin bango, idonsa a kan ƙofa. Na gwada nasiha, na gwada addu'a, na gwada labaran daji na da. Kamar ina magana da turmi. Na roƙi Danjuma ya ɗan dakata da zuwa, ban gaya masa dalili ba, shi kuma da yake mutum ne mai hankali bai tambaya ba. A rana ta huɗu maganata ta ƙare. Shirun ya yi mini nauyi, sai na kunna na'ura, na kashe sautin gaba ɗaya saboda ƙarar harbi, na kauce wa duk inda ake faɗa. Yawo kawai nake da Shaho a sama, daga wannan bene zuwa wancan, in sauka a gada in kalli jiragen ruwa. Ban waiwaye shi ba. Haka muka yi kusan mako biyu. Na lura dai ya bar kallon ƙofa, sannan na lura kusurwar da yake zama tana matsowa.

Wata rana ina neman wata hasumiya a taswira na rasa hanya, ina ta zagaye wuri ɗaya. Sai na ji murya a bayana, a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Hagu, Baba."

Ban juya ba. Na bi hagu. Ga hasumiya.

"Madalla," na ce. "Daga nan fa?"

"Ka hau."

Daga ranar ya zama mai nuna mini hanya. Kalma biyu, kalma uku, wata rana har ya yi tsaki da na faɗa ruwa. Na miƙa masa fad sau da yawa yana girgiza kai. Sai ranar da na yi kuskure. Na sauka a kan wani tsohon sito ina zaton aikin bin sawu ne, ashe wurin da miyagun nan suka tsare mutane ne. Hoto ya nuna su a zaune a ƙasa, hannuwa a ɗaure ta baya, masu bindiga suna zagaye su. Na kai hannu zan kashe na'urar, sai Isiyaku ya riƙe mini wuyan hannu. Tafinsa jiƙe yake da gumi.

"Bari."

"Isiyaku, wannan ba na yau ba ne. Mu koma yawonmu."

"Ba ni, Baba."

Na ba shi. Ashe duk makonnin nan yatsuna yake kallo, ya haddace komai. Bai shiga da faɗa ba. Ya bi ta rufi a hankali, ya ɗauke masu gadin ɗaya bayan ɗaya ba tare da sauran sun farga ba. Da ya gama ya sauka wajen mutanen. A wasan, sai ka tsaya a gaban kowane ɗaya ka danne maɓalli kafin igiyarsa ta kwance. Su shida ne. Ya bi su ɗaya-ɗaya. Da ya kwance na ƙarshe, wani dattijo mai farar riga, sai ya ajiye fad a tabarma ya kifa kansa a gwiwata ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Yana kuka yana magana. Ya gaya mini akwai wani tsoho da aka ɗaure su da sarƙa ɗaya, wanda yake ba shi rabin abincinsa, ya rasu a gefensa da zazzaɓi, aka bar su a haɗe har washegari. Ya gaya mini wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Na dafa kansa da hannun nan na hagu har aka kira la'asar, ranar a makare na yi ta.

Kada ku ɗauka ina cewa wasa ya warkar da shi. Ni na san babu wani Shaho da zai sauko dajinmu ya kwance kowa, Isiyaku ya fi ni sani. Ƙarar babur ba ta daina firgita shi ba. Amma ya fara cin abinci, ya fara ɗaukar 'yarsa, kuma awa biyun nan da yake yi da fad a hannu su ne kaɗai lokacin da kafaɗunsa ke sauka. Da ya fara magana ne ma aka samu yadda za a taimake shi. Ƙanin Lami da ke Zariya ya samo likitan da ke duba irin wannan ciwo, ya ce su taho gaba ɗaya su zauna wajensa. Aka faɗa wa unguwa cewa sana'a ce ya samu a can.

Ana jibi za su tashi ya zo mini sallama. Muka yi wasa kamar kullum. A lokacin saura mini aiki ɗaya in gama labarin gaba ɗaya, ina ta jan ƙafa don kada daɗin ya ƙare. Da zai tafi ya naɗe wayar fad a hankali ya ajiye a kan akwatin, ya tsaya yana kallonsa. Bai roƙi komai ba. Da ya fita na kira mahaifiyarku.

"Asabe, nemo mini kwalin nan da Hajara ta zo da shi."

Ta gane nan take. "Malam, kyautar 'yarka ce. Ka san abin da ta sha kafin ta same ta."

"Na sani."

"To ka kira ta ka gaya mata."

"In ce mata me? In na faɗi dalili na karya alkawarin Lami. In na nemi izini babu dalili, ta ce a'a, ya zan yi?"

"Hannunka fa?"

"Hannuna ya samu rabonsa. Can baƙon gari za shi, babu wanda ya sani, babu zauren da zai zauna."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta je ta ɗauko kwalin a saman sif. Ita da kanta ta naɗe na'urar da tsohon zaninta don kada hanya ta jijjiga ta.

Abin da ya biyo baya kun gan shi. Hajara ta zo da sallah, ɗauke da sabon faifai da ta sayo mini. Ta shiga zaure ta ga tebur babu komai.

"Baba, ina na'urar? Ta lalace ne?"

"Na ba Isiyaku."

"Aro?"

"Kyauta."

"Me ya sa?"

"Ya fi ni bukata."

Ta jira in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ta dubi faifan da ke hannunta ta mayar jaka.

"Baba, da ka ce mini ba ka so, ai da na kawo maka wani abin."

Wannan maganar ta fi faɗuwar da na yi a bakin rijiya zafi. Ba ta yi mini rashin kunya ba, Hajara ba ta taɓa yi ba. Tana aiko da magani, tana zuwa, tana durƙusawa ta gaishe ni. Amma tun daga ranar wayar mahaifiyarta take kira ta ce a gaishe da Baba. Shekara uku ke nan. Yatsuna biyu na ƙarshe sun sake ƙagewa, ba su dawo ba. Danjuma ya yi mini fushin mako guda, ya ce na hana shi ganin ƙarshen labari, sannan ya zo da dara ya kafa mini doka cewa da hagu zan riƙa ɗaukar 'ya'yan. Da ita muke rage rana yanzu. Ba zan yi muku ƙarya ba, wani lokacin bayan azahar babban yatsana yakan motsa shi kaɗai a kan cinyata, in ji kewar garin nan kamar wani wuri da na taɓa zama.

Duk da haka, idan na duba shekarar, godiya ce ke rinjaye. Na gode wa Allah da ya kayar da ni a gida ba a daji ba. Na gode wa mahaifiyarku da ta wanke ƙwallon roba sau ba adadi, ta kuma riƙe sirrin da ya sa 'yarta ke ganin baƙin ubanta. Na gode wa Hedimasta. Har mutanen da suka zauna a wata ƙasa suka ƙera garin nan da benayensa, ban san su ba, ba su san da wani tsohon mai gadin daji a Birnin Gwari ba, amma na gode musu.

Makon jiya Isiyaku ya kira ni. Yana sayar da hatsi a Zariya, matarsa na nan, sun ƙara haihuwa. Ya ce har babur yake hawa zuwa kasuwa, ko da yake shi ba ya tuƙawa. Muka gaisa, sai ya ce:

"Baba, na gama wasan nan sau uku. In gaya maka yadda ya ƙare?"

"Kul! Ka kuskura ka gaya mini, na tsine wa wayar nan."

Ya yi dariya sosai, irin tasa ta da. Sannan na gaya masa ina rubuta tarihina saboda yara, kuma akwai wurin da na tsallake saboda alkawarin da na yi wa mahaifiyarsa. Na gaya masa abin da tsallakewar ta jawo tsakanina da Hajara. Bai taɓa sani ba. Sai ya ce:

"Baba, shekara uku kana ɗauke da wannan saboda ni?"

"Alkawari ne."

"Ka rubuta. Ni na ce ka rubuta, Inna ma zan gaya mata. Ka sa har da ƙarƙashin gadon, har da kukan. Ba ni na ɗaure kaina ba, ban ga abin kunya ba. Kuma ka ce wa Anti Hajara, yaran nan uku da ke gabana, da ubansu suke kwana saboda kwalin da ta riƙo a cinya."

To, Hajara, kin ji. Ban raina kyautarki ba. A duk abin da aka taɓa ba ni a duniya babu wanda na so kamarta, kuma da ban so ta haka ba da ba ta isa in ba shi ba. Na yi kuskure da ban ce miki ko da "akwai dalili, ki yi mini haƙuri" ba. Girman kai na tsufa ne ya hana, ba alkawari ba. Ki yafe mini wannan. Na gode, 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini.

Idan kin karanta, ki kira wayata, ba ta mahaifiyarki ba. Tana aljihuna.